Ɗurin harsashi a gida ga mai harbin faifai: yana biyan wahala ko kuwa?

Duk wanda ya shiga harbin faifai a Amurka, wato wasan da inji ke cilla ƙananan faifai sama a harbe su da bindiga, ka bashi wata biyu ko uku zaka ganshi tsaye gaban durom ɗin da ake zuba kwanson harsashi yana leƙe yana lissafi a zuci. Dalilin a fili yake, zagaye ɗaya na tirap ko sikit, waɗanda nau'o'in wasan ne, faifai 25 ne, kwalin harsashi ma guda 25 ne a ciki, to in kayi zagaye huɗu ranar Asabar kwali huɗu ka ƙona kenan, in kuma wani nau'in da ake kira sifotin kake zuwa galibi faifai 100 ne a fita ɗaya. Katan kwali 10 ne, harsashi 250, kuma baya wani daɗewa. Ana cikin haka wani dattijo a kulob ɗin zai dafa kafaɗarka yace ai shi ya manta rabon da ya sayi harsashin shago, da hannunsa yake ɗura abinsa a gareji a rabin kuɗi. Ba ƙarya yake ba, a zamaninsa hakan take. Abinda bai faɗa maka ba shine dalmar da yake ɗurawa tun shekaru goma baya ya tara ta.

Amsata dai a taƙaice, in geji 12 kake harbi (geji shine awon faɗin bututun bindiga, 12 babba ne, 28 da .410 ƙanana ne) kuma harsashin arha na babban kanti ya isheka, ka bar kuɗinka a aljihu. In geji 28 ne ko .410, to ka ma makara, tun jiya ya kamata ka sayi inji. Tsakanin waɗannan biyun kuma sai anyi lissafi, kuma lissafin ne zan nuna maka yadda ake yi kafin mu zo kan aikin kansa.

Amma fa tukuna, wannan maganar ta ƙasashen da doka ta yarda ce. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi da kansa, ko da kana da lasisin bindigar farauta, saboda haka ɗan'uwa dake gida karanta don sani kawai.

Harsashin nan abu biyar ne a haɗe. Akwai kwanso, robar nan mai gindin ƙarfe. Akwai faraima, ɗan maɓallin dake tsakiyar gindin wanda allurar bindiga ke sara ya tada wuta, lamba 209 ake sawa. Sai albarushi, sai toshiyar roba wadda ke raba albarushi da dalma, samanta ɗan kofi ne da ƙwayoyin ke zama a ciki, sai ƙwayoyin dalmar kansu, lamba 7½ ko 8 ko 9 na faifai. Cikin biyar ɗin nan kwanso ne kaɗai zaka sake amfani dashi, sauran huɗun duk saye ne kowane harbi. Kuma albarushin ba irin na bindigar toka bane da maharba ke aunawa a tafin hannu, wannan marar hayaƙi ne, da giren ake auna shi, giren 7,000 ne a laba ɗaya, ƙarin giren ɗaya ko biyu ba abin wasa bane.

To ɗauko biro. Dalma ce ke cin kuɗi fiye da komai, da ita zaka fara. Buhunta laba 25 ne, kilo 11 da 'yan kai, wato oza 400. In oza ɗaya kake zubawa kowane harsashi buhu zai baka 400 cif. In oza 1⅛ ne 355, in ⅞ ne wajen 457, in ¾ ne wanda shine awon geji 28 to 533, shi kuwa ɗan .410 mai rabin oza har 800 zaka samu a buhu guda. Tun daga nan ma kaga inda maganar ta dosa. Albarushi laba ɗaya yakan yi harsashi 400 ko kusa da haka a geji 12, faraima ana saida ta dubu-dubu, toshiya jaka mai 500.

Farashi yana hawa yana sauka kuma kowace jiha da nata, don haka waɗannan misali ne kawai, kai ka cire su ka saka na garinku. Mu ɗauka buhun dalma dala 55, faraima dubu dala 60, albarushi laba dala 45, toshiya jaka dala 15. Geji 12 mai oza ɗaya: dalma senti 14, faraima 6, albarushi 11, toshiya 3, jimla senti 34, sau 25 ya zama dala 8 da rabi a kwali. Yanzu je ka duba nawa ake saida kwalin arha a kantin unguwarku. In dala 9 da rabi ne, to dala ɗaya ka tsira da ita. Dala ɗaya fa, bayan ka tsugunna ka tsinci kwanso a gaban mutane. Yanzu yi wa .410 irin wannan lissafin, dalma senti 7, faraima 6, albarushi wajen 10, toshiya 3, senti 26 kenan, dala 6 da rabi a kwali, alhali a shago kwalinsa in ka samu dala 16 ko 17 sai kayi godiya, in ma ka same shi a kan shelf ɗin kenan. Dala 10 a kowane kwali. Geji 28 ma kusan haka yake. Abin mamaki ne ga sabon shiga ace ƙaramin harsashi mai kaya kaɗan yafi babba tsada, amma kamfanoni geji 12 suke bugawa da yawa saboda shi kowa ke saya, ƙananan kuwa kaɗan-kaɗan ake yi shi yasa suke tsada.

Daga nan sai ka kawo kuɗin kayan aiki. Ace inji da sikeli da tarkace sun cinye maka dala 350. Mai tsira da dala ɗaya sai ya ɗura kwali 350 kafin ya maida uwar kuɗi, harsashi 8,750 kenan, wanda in katan ɗaya yake harbi a wata ya kusa shekara uku. Mai .410 kwali 35 kawai yake buƙata. Shi yasa zaka ga 'yan gasar sikit kusan kowa yana da inji a gida, don gasar ƙungiyarsu ta Amurka wato NSSA geji huɗu ake harbi, 12 da 20 da 28 da .410, wanda zai je babbar gasarsu a San Antonio ta jihar Texas in yace da harsashin shago zai yi atisaye duk shekara to albashinsa ya tafi.

Sai lokaci, wanda masu zuga ka basa sawa a lissafi. Ƙaramin inji mai yin ɗaya bayan ɗaya kwali 4 zuwa 6 zaka yi a awa in hannunka ya saba. In dala ɗaya kake tsira da ita a kwali, dala 5 kenan a awa, ko mafi ƙarancin albashin tarayya na Amurka dala 7.25 bai kai ba. Kamar mai gidan mutum biyu ne ya sayi injin markaɗe don ya huta da biyan kuɗin niƙa. Sai dai in zaman garejin ne ke maka daɗi, kuma akwai masu jin daɗinsa da gaske, lokacin hunturu da dusar ƙanƙara ta rufe filin harbi mutum ya kunna rediyo ya zauna yana jan hannun inji, wannan kam ba ruwan lissafi dashi, ba zan ce maka komai ba.

Akwai dai wani dalili da ni nafi ganin ƙarfinsa ga mai geji 12, shine ka iya haɗa abinda shago baya kawowa. Harsashi mai ⅞ ko ¾ na oza a geji 12 yana da wuyar samu a kanti, in ka samu ma da tsada, amma a gida shine mafi arha don dalma ta ragu. Kuma baya dukan kafaɗa. Wanda ke harbi 200 a yini, ko dattijon da kafaɗa ta fara ciwo, ko yaro ko mace da ake koyawa, ko wanda ya fara zabura kafin ya ja kunama saboda tsoron naushin bindiga, duk wannan harsashin ne maganinsu. Kar ka ce dalmar tayi kaɗan ba zata fasa faifai ba, a wasannin Olamfik gram 24 ne iyaka, ƙasa da ⅞ kaɗan, kuma faifansu yafi na kulob gudu da tauri suna kuma farfasa shi. Haka nan in dama can harsashi mai tsada kake saya irin Winchester AA ko Remington STS, to da shi zaka gwada farashi ba da na arha ba, sai ka ga ribar ta ɗan taso zuwa dala uku ko huɗu.

To ace ka yanke shawara zaka yi. Wane inji? Lee Load-All shine mafi arha, yawancinsa roba ne, yana aiki amma mai harbi duk sati zai gaji dashi da wuri. Wanda mafi yawa ke farawa dashi MEC 600 Jr ne, kamfanin a jihar Wisconsin yake, kuma injin ƙarfe ne da baya mutuwa, kayan gyaransa ko'ina akwai. Sama dashi akwai masu jujjuyawa irin MEC 9000 da Ponsness Warren da Dillon SL900, waɗannan duk jan hannu ɗaya harsashi ɗaya ke faɗowa, ɗaruruwa a awa. Ni ban ba sabon shiga shawarar ya fara da mai jujjuyawa ba, abu shida ke faruwa lokaci guda a ciki kuma in faraima ɗaya bata zauna ba sai dai ka ga albarushi na tsiyaya ta gindin kwanso ya cika maka teburi. Kuma ka sani kowane inji geji ɗaya yake yi, akwai kayan sauyi amma wahalar sauyin tasa mutane suka gwammace su sayi inji na biyu.

Kafin ka sayi ko jakar toshiya ɗaya, fara da kwanso, domin shi ke zaɓa maka sauran kaya. Kwanso ba ɗaya bane ko da duk geji 12 ne. Na Remington STS da Gun Club cikinsu yana tsukewa ta ƙasa, na Turai irin Cheddite da Fiocchi cikinsu a miƙe yake kuma yafi faɗi, toshiyar wannan ba zata zauna daidai a wancan ba. Ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kai. STS ana yabonsa don wasu har sau goma suke ɗura shi kafin bakin ya tsage, na arha kuwa sau biyu ko uku ya gama. Hanya mafi sauƙi ka sayi katan biyu na irin da kake so ka harba ka tara kwanson. In zaka tsinci na ƙasa ka tambayi kulob tukuna, wasu duk abinda ya taɓa ƙasa nasu ne suna saidawa.

Da ka zaɓi kwanso sai ka buɗe teburin awo na kamfanin albarushi, Hodgdon da Alliant duk sun saka nasu kyauta a intanet. Zaka ga layi-layi, kowane layi ya faɗi kwanso kaza, faraima kaza, albarushi kaza giren kaza, toshiya kaza, dalma oza kaza, da gudun da zai yi da ƙarfin matsin da aka auna. Layi ɗaya zaka ɗauka ka bishi yadda yake, harafi da harafi. Nan ne mutane ke jawo wa kansu, wai ai faraima duk 209 ce bari in sa wadda na samu. A'a malam, girmansu ne ɗaya, zafinsu ba ɗaya ba, sauya faraima kaɗai na iya ɗaga matsi sosai. Iyakar da aka sa wa geji 12 mai kwanson inci 2¾ shine 11,500 psi, kuma layuka da yawa dama kusa da iyakar suke. Wanda ya saba ɗurin harsashin raifil yakan fara ƙasa-ƙasa yana ƙarawa yana duba alama a jikin kwanso, a nan ba haka ake ba, kwanson roba baya nuna maka alama kafin abu ya lalace. Kuma ba daga bakin wani a kulob ake karɓar awo ba, ko da shine ya fi kowa harbi, haka ma ni shi yasa ban rubuta maka giren ko ɗaya ba.

Aikin kansa ba wuya. A kan 600 Jr tasha biyar ce. Ta farko ta fidda tsohuwar faraima ta kuma matse gindin ƙarfen ya koma girmansa. Ta biyu ta zaunar da sabuwa, ka shafa da yatsa ka ji ta shafe da gindin bata turo ba. Ta uku nan ne zuciyar aikin, akwai kwalba biyu a sama ɗaya albarushi ɗaya dalma da sandar awo a ƙarƙashinsu, ka tura sandar gefe guda albarushi ya zubo, ka sa toshiya ka danna ta, ka dawo da sandar dalma ta zubo. Ta huɗu ta fara lanƙwasa bakin, ka ƙirga ninkin tsohon bakin ko shida ne ko takwas ka sa kan da ya dace. Ta biyar ta rufe. Bakin da yayi kyau zaka ganshi a shafe da ɗan gefe zagaye, ninkin sun haɗu a tsakiya ba rami. In ya lotsa ciki har kana hango dalma ta ɗan rami to kayan basu cika kwanson ba, ka sa a aljihu ka ji ƙwayoyi na zubowa. In kuma ya kumburo sama yana neman buɗewa to kaya sun yi yawa ko toshiyar ba tasa bace. Duk biyun ba a gyara su da ƙara ko rage albarushi, saitin inji ake taɓawa ko a koma a duba layin.

Sikeli kuwa dole ne. A cikin sandar awo akwai ɗan bushin mai lamba wanda ke auna albarushi, kuma akwai takardar da ke cewa bushin lamba kaza yana zuba giren kaza, to wannan takardar kusan-kusan ce kawai. Ka ɗura kamar guda goma yadda zaka riƙa jan hannun da gaske, don girgizar inji tana sa albarushi ya daddanne, sannan ka zuba na gaba a sikeli ka gani da idonka. Ka sake aunawa duk sanda ka buɗe sabuwar roba ta albarushi.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Roba ɗaya ta albarushi a kan teburi, in ka gama ka maida ragowar cikin robarsa ta asali. Tabarau a ido. Ba sigari, ba waya, ba yara na kai da komo. Albarushi ko faraima in sun zube tsintsiya ake sawa ba injin shara mai zuƙa ba. Dalma kuma mu ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun ga abinda gubarta tayi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, don haka ba cin abinci a wurin, ka wanke hannu da sabulu kafin ka shiga cikin gida, kuma ƙwayoyin da suka gangara ƙasa, zasu gangara kuwa, ranar da ka manta ka ɗaga kwalba ba toshe zaka ji su shaaa har ƙarƙashin firji, ka tsince su tas kafin mai rarrafe ya riga ka. A fili kuma in ka harba ka ji ƙarar ta fito fuf maimakon ƙara sosai, tsaya nan, buɗe bindiga ka leƙa bututun, galibi toshiya ce ta maƙale don albarushi bai zuba ba, in ka aika wani a bayanta bututun ne zai fashe a hannunka. In kana da geji 20 a gida ka raba su nesa da na 12, shi yasa ake yin kwanson 20 ruwan ɗorawa, yana iya zurmawa cikin bututun 12 ya ɓace ka ɗora wani a kansa.

Abu na gaba da zai iya ɓata maka lissafi shine samun kayan. Albarushi da faraima in ta intanet ka saya akwai kuɗin hazmat, wato na ɗaukar kaya masu haɗari, da ake ɗorawa kan kowane aike banda kuɗin kawowa, to in laba ɗaya ka yi oda ribar shekara ta tafi. Dalma kuma nauyinta ne ke cinye kuɗin aike. Masu cin riba da gaske da yawa suke saya, albarushi roba mai laba 8, faraima 5,000, dalma kuma sai 'yan kulob su haɗa kuɗi a kawo tan guda, buhu 80, a raba. Wasu kulob suna tono tsohuwar dalmar filinsu a wanke a saida da rahusa, tana yi wa sikit da atisaye, amma ka duba da tsakuwa a ciki kafin ka zuba wa bindiga mai tsada. Kuma kar ka yarda da maganar wai mai inji baya rasa harsashi. A 2020 da annoba ta zo kuma Remington ta durƙushe, faraima ce ta fara ɓacewa daga kasuwa, masu inji suka zauna suna kallon kwanso. A 2024 ma Alliant ta dakatar da fitar da albarushinta na masu ɗuri saboda ƙarancin sinadarin haɗa shi, waɗanda suka saba da albarushinta mai suna Red Dot dole suka nemi wani layin. Wanda ya tara kaya tun da sauƙi shine kaɗai baya rasawa, kuma tarawa ma akwai iyakar da dokar kashe gobara ta garinku ta sa, ka tambaya.

In a Ingila kake to lissafin ma ya fi karkata ga a'a. Gasannin CPSA, ƙungiyar masu harbin faifai ta can, masu rajista basa karɓar harsashin gida, filaye da yawa toshiyar roba basa so sai mai ruɓewa, kuma a 2025 gwamnati ta sanar zata hana harsashin dalma nan da 'yan shekaru, ba lokacin zuba kuɗi a buhunan dalma bane. A Amurka ma ka duba dokar kulob ɗinku da ta gasar da zaka shiga, tirap na ƙungiyar 'yan tirap wato ATA baya wuce oza 1⅛, sannan ka karanta takardar garantin bindigarka don kamfanoni da yawa suna zare hannu in harsashin gida ne ya jawo matsala.

Ga wanda har yanzu ransa na so, kar ka sayi sabo. Allon sanarwa na kowane kulob baya rasa wani da ke saida 600 Jr ɗinsa, ko ya gaji ko ya koma babban inji, sau da yawa har da bushin da sandunan awo da ragowar toshiya zai haɗa maka. Ka roƙe shi ya zaunar da kai ku ɗura kwali biyu tare kafin ka biya, ka ga bakin da injin ke rufewa, ka kuma ji ko bayanka zai iya zaman. Albarushin da ke cikin robar da aka riga aka buɗe ne kawai ba zaka karɓa ba ko kyauta ya baka, don baka san me aka juye a ciki ba.